Guzurin Baki

Saura kwana goma sha ɗaya.
Na rufe rumfar walda a Zango,
na hau dutsen bayan Birni da littafina,
nan ne waya ke kamawa.

Can ma ƙarfe zan ɗinka,
cikin jiragen ruwa, ni da ban taɓa shiga kwalekwale ba.

Haruffansu kamar sawun zabi a yashi.
Malamar cikin waya ta ce mizu,
ruwa ke nan.
Na yi dariya ni kaɗai.
Ɗan Damagaram za a koya wa sunan ruwa,
mu da muka san shi a layin jarka tun asuba?

Yama, wai dutse.
Ni kuwa gabas na nufa, na bar yamma da duwatsunta.
Kasa, wai laima.
Bakina ya ƙi, kullum sai ya ce ƙasa.

Jiya Inna na ƙulla mini yaji da kuka,
ta ce, "Zabeiru, faɗa mini guda."
Na ce hana.
"Me ke nan?"
"Fure."
Ta daɗe tana jan bakin ƙullin.
"A nan ba fure ba ne," ta ce.
"Amma je ka. Ban faɗa ba."