Karatu Ba Rubutu

A ɗakin Kawu Barau, bayan Kwangila,
akwai kwamfutar da ta girme ni.
Na tura faifai, ta yi gurnani,
ƙurrr, ƙas, ƙas,
kamar mai tauna aya da dasashi.
Allo ya ce: rubutu ya faskara.

Na duba 'yar tagar kusurwa, a rufe take yadda ya dace.
Na canja faifai. Na sake canjawa.
Na kwance noti huɗu, ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado.
Ciki gawar kyankyaso, da robar da ta saki jiki.
Na jiƙa auduga da sifirit,
na shafi bakin allurar
kamar mai share wa jariri kwantsa.

Ta karanto mini komai:
lissafin takin tamanin da tara,
masu bashi daga Shika har Giwa,
wasiƙar da bai aika wa Delu ba.
Sabon layi ɗaya tak, ta ƙi.

Kawu na kan tabarma yana kallona.
Ya san kuɗin motar Funtuwa zamanin sulai,
bai san ya ci tuwo ɗazu ba.
Ya ce, "Ɗan wa ne kai?"

Na faɗa masa, karo na uku.
Na sake tura faifan.