Gabas ɗin Inna Yalwa

Ranar da Inna Yalwa ta sauka Madina
da jakar buhu da ƙullin daddawa,
ba ta nemi ruwa ba, ba ta nemi shimfiɗa ba.
Cewa ta yi, "Ɗan nan, ina gabas?"
Ni kuwa na wuni ina auna dabino, kaina ya yi nauyi,
sai na nuna mata inda rana ke ɓullowa,
can ta saman shagon mai gyaran firji.

Ta rama azahar, ta rama la'asar.
Tana cikin magariba Ta-Sallah matar Jibo tela
ta shigo da kwanon shinkafa,
ta ja ta tsaya, ta dafe ƙirji.
Da Inna ta sallame ta ce mata, "Hajiya,
ai a garin nan kudu ake kallo."

Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana.
"Shekara saba'in goshina bai san ko'ina ba sai gabas.
Uwata gabas aka juya fuskarta.
Yau kuma a garin Manzo za a ce mini kudu?"

Da dare zafi ya kore mu zuwa saman bene.
Mudi ƙanena, mai karatu, yana latsa waya,
ya ce, "To ga irinta nan.
Gaskiyar Haɗeja a filin jirgi ta ƙare.
Mutumin Yaman arewa yake kallo,
na Indiya yamma.
Kowa da inda ya tsaya, kowa da tasa."

Jibo ya tofar da zaren da ke bakinsa.
"Yaro, Ɗakin bai gusa ba. Ƙafa ce ta yi tafiya.
Ɗaure akuya, bar ta ta zaga,
igiya za ta nuna ko'ina.
Kada ka ce turke ne ke yawo."
Mudi ya ce, "Baba Jibo, wa ya taɓa ganin turken nan
ba daga wani gefe ba?"
Jibo ya kurɓi shayi. Shayin ma ya huce.

Ban sa musu baki ba.
Sikelina nake tunawa.
Mai saye yana can, ina nan,
allura ɗaya muke kallo,
ya ce bai cika ba, in ce ya cika,
kuma sau tari babu maƙaryaci a cikinmu,
karkatar ido ce kawai.
Amma akwai wata Talata,
wani tsoho Baturke da bai iya lissafin riyal ba,
da ɗan yatsana ya kwanta a gefen faranti.
Ran nan babu gefensa, babu gefena.
Giram ɗari biyu ne. Har yau suna nan.

Inna ta koyi juyawa,
amma harshenta bai bi ta ba.
"Juya mini dardumar nan gabas," take cewa,
mu juya ta kudu, ta yi kabbara,
rana na shigo mata ta kafaɗar hagu.

A shekara ta uku, bayan sallar asuba,
muka bi gawarta cikin gawa tara,
ba suna, ba alama, sai dutse ƙarami.
Ni na shiga ramin.
Na kwantar da ita a kan damanta,
na karkata fuskar inda kowa ke karkatawa.

Da yamma waya ta yi ƙara daga Haɗeja.
Inna Gambo ce, ƙanwarta, murya duk ta dushe.
Ba ta tambayi ciwo ba, ba ta tambayi wasiyya ba.
"Ka tabbata an fuskantar da ita gabas?"

Mudi yana tsaye a bakin ƙofa, yana jiran ya ji.
Na ce, "E, Inna. Da hannuna."