Madogara ta Uku

Minti hamsin, in ji Madam Okailey,
ta rubuta a allo, ta kaɗe allin hannunta.
Fanka ɗaya ke juyi a ɗakin,
ita ma kamar ba ta karya ba.

Na buɗe takarda.
A rushe rumfunan bakin babbar kwatar Nima, ko a bar su?
Ɗauki matsaya. Kafa hujja da madogara uku.
Kada ka kawo abin da ba ya ciki.

Ta farko rahoton injiniya ne,
lambobi sun yi sahu kamar ranar Juma'a:
ruwan da ya sauka, gidajen da ya ci,
faɗin da kwata ta rasa a shekara goma.
Ta biyu wasiƙar wata mai koko ce ga jarida:
in kun tashe mu, mu dosa ina?
Ta uku hoto ne.

Na daɗe a kan hoton.
Baƙi da fari ne, inji ya cinye gefensa,
amma na san ƙofar nan shuɗiya ce,
ni na shafa mata fenti ana gobe Sallah.
Rediyon da ke rataye a ƙusa
na Alhaji Mumuni ne, bai zo karɓa ba har ya rasu.
Mutumin da ya ba da baya, ya duƙa kan wayoyi,
an rubuta a ƙasansa: wani mai sana'a a bakin kwata.
Wani.
Baba Seidu ne. Ubana.

Saura arba'in.
Tetteh na gefena har ya juya shafi,
bironsa na gudu kamar torotoron asuba.

Malam Issaka ya koya mana:
magana ɗaya a gaba, hujja na biye da ita,
sai ka ba abokin gardama kujera, ka ji ta bakinsa,
kafin ka nuna masa ƙafar da ta karye.
Bai faɗi yadda ake yi ba
in abokin gardamar shi ya biya kuɗin jarrabawa,
sidi bayan sidi, daga gwangwanin madara.

Na so in ce injiniya ƙarya yake.
Sai daren nan ya dawo mini,
ruwa har ƙugu, tabarma na iyo,
Barikisu a wuyana tana kiran sunan akuyarta.
Lambobin nan ba su da uwa a Nima,
amma ba su yi ƙarya ba.

Na rubuta: dole a ba ruwa hanyarsa.
Hannuna ya yi nauyi kamar na ɗaga turmi.
Na ce: madogara ta farko ta ƙirga gidaje,
ba ta ƙirga bakunan da rumfa ke ciyarwa ba.
Ta biyu ta yi tambaya, har yau babu amsa.
A amsa mata tukuna, sannan a kawo katafila.
A duba ta uku, na ce,
mutumin bai juyo ba ko da ana ɗaukar hotonsa,
aiki ne a hannunsa,
kuma wanda zai tashe shi ya fara nuna masa
inda zai kafa ƙusarsa gobe.

Ban ce shuɗiya ba.
Ban ce ubana ba.
Ba sa cikin takarda.

Saura biyar. Na goge kalma ɗaya, na mayar da ita.
Ajiye biro, in ji Madam,
jimlata ta ƙarshe ta tsaya ba aya.

Da la'asar na biyo ta bakin kwata,
ledoji na kwance a ruwa, gajimare na haɗuwa ta gabas.
Yana nan yadda hoto ya bar shi,
hayaƙin dalma na tashi a gaban fuskarsa.
Me aka tambaye ku? ya ce, bai juyo ba.
Na ce: ruwa, Baba.
Ya ce: to, miƙo mini filayar can.