Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar da Farfesa Hindatu Gariba ta ajiye aiki
aka cika zauren jami'a maƙil, nan Kumasi.
Wani mai kente a kafaɗa ya hau ya karanto:
maƙala ɗari da goma sha huɗu,
rabi kan sinadaran jiki, rabi kan abin da ke cin zuciya,
an ambace ta sau dubu shida da ɗari uku da biyu.
Tafi ya tashi kamar ruwa a kan kwano.
Ni ina kujerar baya, kusa da fanka mai ciwon wuya,
ina juya hulata a gwiwa.

Shekara ashirin da uku ina wanke mata kwalabe.
Sunana yana nan, in kana da ido:
can ƙasan shafi, bayan masu ba da kuɗi,
"da Y. Tanko, saboda taimako."
Ban taɓa ƙorafi ba. Waigi ɗin ma nawa ne.

Amma wadda ta fi kowace tashe a cikin maƙalun,
wadda ake ja daga ƙasashen da ban san ƙofarsu ba,
ni na san da me aka dafa ta.
Yawu ne.
Yawun mata ɗari uku da kasuwa ta ƙone musu,
muka bi su Abuabo da Asawasi tun kafin assalatu,
kafin koko, kafin goro ya taɓa harshe.
Ni ke cewa: Mma, a tofa nan, don Allah.
Su yi dariya, su rufe baki da gefen mayafi.
Wai yau boko ya rasa abin nema sai tofi.

Daren da aka ɗauke wuta kwana biyu
da ita muka yi ta jidar ƙanƙara a tasi,
ta cire takalmi, ta ɗaure zani kamar mai aikin biki,
tana yi wa firiza addu'a da sunanta.
Wannan ba ya cikin lissafin mai kente.

Lamba arba'in da bakwai, Mma Lariba mai albasa.
A takarda ɗigo ce, can sama,
ɗigon da ya ƙi bin layin 'yan'uwansa.
Barci ya yi mata ƙaura tun daren gobara,
jikinta na ta kiran wuta, wuta, bayan an kashe wutar da wata tara.
Duk sanda na sauka tirotiro a bakin layinsu
sai ta ɗago daga kan buhu:
Yusha'u, har yanzu yawun nawa bai yi magana ba?
In ce ana kan dubawa.
Shekara goma sha ɗaya ana kan dubawa.

Bayan taro, an watse ana rabon shinkafa a roba,
Farfesa ta same ni wajen famfo.
Ta tsufa a kusa fiye da a kan dandamali.
Ta ce: ka ji adadin?
Na ce na ji, Allah ya ƙara.
Ta ce: a cikin dubu shidan nan
akwai wanda ya taɓa sayen albasarta?
Ashe ta san ɗigon. Ashe ta san sunan.

Na ce tana nan, sai dai ido ya yi rauni,
jikarta ce ke ƙirga canji.
Ta dubi farantin girmamawar da ke hannunta,
ta rasa inda za ta ajiye, ta miƙo mini.
Yana da nauyi, ga santsi.

Ta ce: da Hausa yaya za mu ce mata?
Muka tsaya nan muna gwada kalmomi,
wannan ta yi tsauri, wannan ta yi ƙarya,
direba yana ta danna oda a bakin ƙofa.