Gidan Rina a Shingen Graciete

A Amarante, bayan cocin da ke kallon kogi,
ranar Talata na ɗauko almakashin lambu
zan rage wa shingen Graciete suma.
Shekara uku ke nan ban taɓa shi ba,
tun ranar da aka fita da ita a kafaɗa.

Sara biyu na yi, na uku bai sauka ba.
Wani abu ya soke ni a bayan kunne
kamar allurar da ta kwana a garwashi.
Na yar da almakashi, na manta saba'in da huɗun da ke kaina,
na tsallake kwandon albasa kamar ɗan akuya.

Kafin yamma kunne ya zama fanke.
Baltazar ya leƙo ta kan katanga,
ya yi dariya har taba ta faɗi daga bakinsa.
"Custódio, fetur da ashana," in ji shi,
"kafin ka ƙirga goma an gama shari'a."
Na ce, shingen fa?
Ya ce, "Itace ne."
Shi bai gan ta durƙushe a nan ba,
ƙasa cike da farce, tana yi wa saiwa magana.

Da dare na koma da tocila,
na buɗe ganye kamar mai leƙa ɗakin jariri.
Ga shi nan, bai fi tafin hannuna ba,
ruwan toka, da takardar da ba a saya ba:
tsohon katakon dangata suka tauna da yawu,
ɗaki kusa da ɗaki, kowanne kusurwa shida,
ba igiya, ba ma'auni.
Suna kwance a kai, ƙugu siriri, fiffike a naɗe.
Shekara arba'in ina ɗora dutse kan dutse,
na san irin wannan barci.

Sai na tuna bana ba tsutsa a ganyen kabeji.
Ashe ba addu'ata kaɗai ta yi aiki ba.

Amma Lahadi Benedita za ta zo,
jikata, shekara biyar, ta tsani takalmi,
ƙwallonta kuma ba inda yake so sai gindin shingen nan.

Asubar Asabar, sanyin kogi ya ɗaure musu jiki.
Na sa rigar ruwan Graciete, ba ta rufe cikina ba,
na yafa tsohon labule bisa hula,
na ɗaure ƙafar wando da zare.
Gwangwanin biskit a hagu, almakashi a dama.
Sara ɗaya. Murfi.
Gwangwani ya ɗauki ruri a ƙirjina,
na bi gonar inabi da shi, ina ba su haƙuri,
har tsohon injin niƙa da ba mai zuwa.
Na saƙale reshen a ƙaya, na buɗe, na arce.
Ɗaya ta biya ni ladan dako a idon sawu.
Ban ce komai ba, da gaskiyarta.

Da rana ta take, ina zaune da ƙanƙara a ƙafa,
sai ga uku, waɗanda suka kwana a waje.
Suka nufi gurbin kai tsaye,
suka yi ta kewaya inda gida yake jiya,
su tafi, su dawo, su sake dubawa.

Baltazar ya ce in kawo tsintsiya.
Na ce ya bar su.
Ni ma haka nake yi a ƙofar ɗakin girki.