Baƙon Ƙarfe Uku

Ni ne Eleuterio. Shekara arba'in ina jan raga
a gaɓar tsibirin Chiloé, ko mura ba ta kwantar da ni ba.
Igiyar ruwa ta taɓa karya mini haƙarƙari, na tashi ina dariya.
Sai ga babban yatsan ƙafa,
ɗan mitsitsin da ban taɓa yi wa kallo biyu ba,
ya sa ni kuka gaban matata.

Ƙarfe uku na dare yake zuwa, ba sallama.
Ya kumbura, ya yi ja wur, har yana sheƙi.
Ko mayafi ya goge shi sai na ce wayyo,
kamar an daka kwalba an ɗura mini a gaɓa.

Ranar bikin jikata muka haƙa rami,
muka gasa duwatsu, muka juye katantanwar teku,
da nama, da dankali, muka rufe da faffaɗan ganye.
Na ci har na sassauta bel. Na kora da giyar tuffa.
Baki ya ci bashi,
ƙafa aka kama.

Hortensia ta tsinko ganye mai ƙaiƙayi a bayan shinge,
ta tsula wa ƙafar, wai zafi ke korar zafi.
Baldomero maƙwabci ya ce in sa ɗanyen dankali a aljihu.
Na sa. Dankali ya tsiro. Ciwo ko gezau.
Ƙanwata ta aiko kwandon ceri daga Osorno,
wannan kam na cinye:
ko ba magani, ai akwai zaƙi.

Likitar Castro yarinya ce, sa'ar autata.
Ta ɗebi jini, ta dubi takarda, ta dube ni.
Ta ce, "Baba, sinadarin yurik ya yi maka yawa.
Abin da ƙoda ta kasa fitarwa
shi ke daskarewa ya zama allurai a gaɓa.
Ƙwaya ɗaya kullum, ko da ciwo ko babu.
Kayan ciki, ka yi musu ban kwana. Katantanwa, ka rage.
Ruwa kuwa, ka sha, ka ƙara sha.
Giya…"
Ta yi shiru. Ni ma na yi shiru.

Ruwa!
Ni da na ƙare rayuwa a kansa,
ban san ta ciki nake bukatarsa ba.

Yau wata bakwai. Takalmin roba ya koma ƙafa.
Baƙon ya leƙo sau biyu, bai daɗe ba.
In an buɗe rami, tururi ya tashi,
nakan tura wa yara rabona,
in haɗiye yawu, in kalli teku.

Dankalin aljihun nan Hortensia ta binne shi gefen shinge.
Jiya ta tono goma sha ɗaya.
Baldomero ya zo ya ci uku,
yana ta gaya wa mutane shi ya warkar da ni.