Asusun Adda Jebbu

A Bajoga, bayan rumfar masu gishiri,
inda motocin siminti ke girgiza ƙasa in sun wuce,
nan Adda Jebbu ke baje koli kan tsohon buhu:
asusu goma sha uku, kowanne da fuskarsa,
kowanne da irin tasa dariya.

Ga mai kumatu, kamar ya saci ƙosai bai haɗiye ba.
Ga mai ido ɗaya a kanne, ya san sirrin unguwa.
Ga wata ta turo ɗauri gaban goshi,
ta karkace baki, sai ka ce an yi wa hajarta tayin banza.
Ta bakin nan ake zura kuɗi,
a naɗe takarda kamar ganyen taba, a tura,
shi ko ya lamushe, ba godiya.

Na ce, “Adda, wannan mai kunnuwa kamar faifai fa?”
Ta ce, “Ba kowa ba ne, yumɓu ne ya ga dama.”
Sai mahaucin da ke gefe ya sunkuya,
ya ja hula ya rufe kunnensa,
yaran layin suka faɗi ƙasa don shaƙiyanci,
shi ma ya kasa riƙe tasa, ya saki kunya.

Ta ce, “Farkonsa kuskure ne.
Yatsa ya zame mini a wuyan tulu, sai ga haɓa.
Na ce, tunda ka yi haɓa, tsaya in ba ka gemu.
Daga gemu sai hanci.
Yumɓun bakin Gongola akwai neman magana.
Roba ta cinye mana kasuwa, na sani,
ta fi arha, ba ta fashewa,
amma je ka ce wa bokiti ya yi maka gatsine,
in ya yi, zo in ba ka kyautar tukunya.”

Na ɗauki wani mai giɓi, kunne ɗaya ya fi ɗaya.
Na ce, “Wannan ya tsage, a rage mini.”
Ta ce, “Shi ya fi tsada.
Ni na yi baki, wuta ta yi giɓin,
mu biyu muka yi aikin, kuɗin mutum biyu za ka biya.”

Yanzu yana kan kanta, kusa da rediyo.
’Yata Gambo ta raɗa masa suna Alhaji Ƙaro.
Kullum da safe sai ta gaishe shi,
ta tambaye shi kwanan iyali da gajiya.
Ranar da na dawo ba ciniki,
shi kaɗai ne a gidan bai sauya fuska ba.

Wata tara muna ciyar da shi.
Da kuɗin makaranta ya zo wuya,
na shimfiɗa tabarma, na ɗauko taɓarya,
na ɗaga.
Ya dube ni da giɓin nan nasa,
kamar mai cewa, “Haba, a kan ’yan canji?”
Hannuna ya yi sanyi, na jingine ta a bango.

Abin da ya sa ke nan, in ka leƙo daren jiya,
za ka ga magidanci da furfura a gemu,
ya ɗora ƙasa gasasshiya kan cinya,
Gambo na haska masa fitila,
yana zaro naira ɗaya bayan ɗaya,
yana yi wa Alhaji Ƙaro sakace
da tsinken tsintsiya.